Saiwar da ba ta kwana

Da asubar fari muka tashi daga Yamai, mu uku: ni, da shofer ɗinmu, da wata yaya da muke aiki tare a labo. A bayan mota akwai glasiye biyu, wato akwatunan riƙe sanyi, da ƙaramin sungumi. Na jingina kaina da gilashi ina kallon gari yana wayewa a hankali, zuciyata kuwa ba ta waye ba.

Ga masu bibiyata da ba su san aikina ba, ina aiki a wani ƙaramin labo, ɗakin binciken magunguna. Da na fara, mu tara ne a kan tebur, kowa da kwalabensa. Yanzu mu uku muka rage. Garin itatuwan da muke tarawa ana aika shi wani babban labo a ƙetare, inda hannun ƙarfe yake ɗiga ruwa cikin ɗaruruwan ƙananan ramuka ba ya gajiya. Ƙirƙirarriyar basira ce ke duba sakamako ta ba kowane itace maki, wanda ya faɗi a cire shi. Bara an gwada wata saiwa daga ƙasar Adar, wadda ake sa wa gyambon da ya ƙi warkewa, ta faɗi. Shugabanmu ya ba ni zuwa ƙarshen wata in kawo hujja, in ba haka ba a soke ta, teburina ya bi ta.

Mun wuce Doso da Dogondutsi da Ƙwanni. Daga Galmi iska ta fara ɗauko warin albasa, har shofer ya ce ko makaho aka ɗauko ya san inda aka kawo. A Madawa muka kwana. Na ci kilishi mai yaji har idona ya kawo ruwa, na ji daɗin samun abin da zan ɗora wa laifi. Da safe muka cika glasiye da ƙanƙara, wadda ta fi kilishin tsada.

Hanyar Buza jan dutse ce da gargada, mota tana rawa kamar ana tankaɗe. An gama girbi, dammunan hatsi sun hau rumbuna, awaki suna kiwo cikin kara. A Tama muka gangara fadama, kore shar tsakanin duwatsu, mata suna ban ruwa. Nan aka yanko mana saiwar bara. Mutumin da ya yanko ta ya karɓe mu da fura mai sanyi, amma ya ce shi tonowa kawai ya iya. Mai sanin aikinta wata gwaggonsa ce da ke wani ƙauye kusa da Ibohaman.

Sai muka hau tudu muka nufi Kaita. Ƙasar nan tana da wani kyau mai sa shiru, duwatsu baƙaƙe jere a gangare don tare ruwa, ƙayoyi tsaye nesa da juna kamar 'yan uwan da suka yi faɗa. Rezon waya yana zuwa yana tafiya. Ban damu ba.

Mun tarar da tsohuwar a gindin rumbu tana ɓarzar wake. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata abin da ya kawo mu. Ta tambayi yadda muka yi da saiwar bara. Na ce mun shanya ta, mun niƙe ta gari, mun aika. Ta ajiye ƙwarya ta dube ni.

"Kunka shanya ta? Ɗiyata, wa ya ce muku a shanya ta? Wagga saiwa ba ta kwana. Ka tono ta da hantsi, ka daka, ka ɗaura tun ruwanta na fita. In ta bushe, icce na, sai murhu."

Yayar tawa ta ce, "Inna, mashin ɗin da ke gwajin, gari kaɗai yake karɓa."

"To ku kawo shi nan in ga idonai," in ji ta. "Mai koyo shi ka zuwa wurin malami."

Matan gidan suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Wato shekara guda muna aika wa na'ura gawa muna tambayar me ya sa ba ta numfashi. Na buɗe tablet don in rubuta abin da ta ce. Akwai gurbin suna, da na wuri, da na nauyi. Babu gurbin "ɗanye". Na rubuta a kayena, littafin aikina, da alƙalamin biki.

Washegari da hantsi ta kai mu bakin wani kwari ta tono mana da hannunta. Ta rufe ramin ta danne da ƙafa, ta ce don itacen ya yafe. Ƙanƙararmu ta riga ta zama ruwa, a Kaita kuma an ɗauke wuta, ba mu sami wata ba sai a Tawa. Shofer ya yi gudun da bai taɓa yi ba. Duk tsayuwa sai na buɗe glasiye na shinshina, ƙamshin ƙasa da ɗaci yana raguwa kaɗan kaɗan.

Mun shiga Yamai saiwar ta kwana ɗaya. Da safe na kai ta gaban shugabanmu. Mutum ne mai kirki, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya juyo mini da ordinatarsa, wato kwamfuta. Sakamakon bara ya riga ya shiga cikin bayanan da na'urar ke koyo da su. Ta sauke makin saiwar, ta sauke na duk danginta, itatuwa da dama da ba a ma gwada ba. Ya ce can ba su da hanyar gwada ɗanyen abu, kuma ba za su canza tsarinsu saboda maganar tsohuwa ɗaya ba. Ya ce in yi haƙuri.

Ban ce saiwar tana warkarwa ba. Ban sani ba, kuma abin da ke cin raina ke nan, yanzu babu wanda zai sani. Tafiyar nan ta koya mini cewa na'urar ba ta ƙarya, abin da muka ba ta take haddacewa, kuma kuskuren da ya shige ta ba ya tsufa balle ya mutu. Tsohuwar ce za ta mutu. Na dawo gida lafiya, alhamdulillahi. Ranar Alhamis zan kwashe kwalabena.