Alasan Mai Ji da Haƙori

Alasan bawana ne, kuma kada wani ya zaro mini ido. Uwarsa ƙanwar ubana ce, ni 'yar namiji shi ɗan mace, don haka tun muna wasan ƙasa nake da ikon zaginsa, shi kuma ya rama in ya iya. Bai taɓa iyawa ba. Bakinsa nauyi gare shi kamar dutsen niƙa. Abin da Allah ya hana shi a harshe sai ya zuba masa a kunne.

A Gidan Marke aka haife mu. Kada ku wahalar da ƙafarku wajen nemansa, yana ƙarƙashin ruwan Tiga, kifi ke limanci a masallacinmu. Shekara goma sha biyu Alasan ya yi yana kula da injin niƙan garin, wani shirgegen abu mai tari kamar tsohon mashayin taba. A jikinsa ya koyi yaren ƙarfe. Yana alwala a bayan rumfa sai ya ajiye buta ya ce bel ya saki, a duba a tarar haka ne.

Da aka tashe mu, matarsa Turai ba ta ga ƙarshen daminar farko a sabon matsuguni ba. 'Ya'ya kuwa dama ba su tsaya musu ba. Ya ce shi ba zai iya zama a gidajen da aka jera kamar haƙoran mataji ba, inda kowace ƙofa ke kama da tasa amma ba mai amsa masa sallama. Ya tattara sifanunsa ya koma garin Ƙofa, ya kafa rumfa a gindin wata tsamiya a bakin hanya, yana gyaran keke. Ni ma na biyo shi da tandar wainata, don lokacin mijina na uku ya riga ya huta da ni, Allah ya jiƙansa, ya yi haƙuri. Na zauna a hagun rumfar.

Sai ga shekarar Udoji, da gwamnati ta yi wa ma'aikata ruwan ƙarin albashi. Duk malamin da ya iya sa hannu a takarda ya sayi babur, kuma rabinsu ba su san inda ake zuba mai ba. Kakar Alasan ta yanke saƙa. Daga Bebeji, daga Kiru, har daga Tudun Wada ake turo masa babur, ba don ya fi kowa iya kwancewa ba, sai don ba ya kwance abin da ba shi da laifi.

Yana da tsari. Ba ya taɓa babur sai ya yi wa mai shi tambayoyi kamar alƙali. Da sanyin safiya yake kukan ko sai ya yi zafi? A kan kwalta ko a gargada? In an matse kuloci yana yin shiru? Sannan ya ɗauko sandarsa, ta kirya, tsawon kamu ɗaya, wadda ya saro a bayan gidansa ranar da muka taso. Ya ɗora kai ɗaya a jikin inji, ɗayan a kunnensa, ya rufe ido. Ya taɓa gaya mini cewa kukan sama mai ƙyas-ƙyas abin wasa ne, sukundireba ta isa. Kukan ƙasa mai nauyi, ƙwal-ƙwal, shi ne na kuka da hawaye. In kuma huci ne kamar kububuwa, to salansa ce ta buɗe baki. Na ce masa da ya saurari mutane rabin yadda yake sauraron ƙarfe da ya sake aure. Ya ce ƙarfe ba ya ƙarya.

Ni na fara ganewa, a shekarar saba'in da bakwai. Wata rana na ce masa hularsa ta yi kama da gammon da akuya ta tauna. Zagi mai kyau, na kwana biyu ina tanadinsa. Bai ko juyo ba. Da can yakan yi tsaki, ni kuwa wannan tsakin shi ne ladana. Na sake gwadawa washegari, da jibi. Shiru. Sai na lura in mutum yana magana bakinsa yake kallo, kuma in ladan ya kira salla sai ya ga mutane sun miƙe sannan ya nemi buta. Injin niƙan nan ya ci kunnen tun tuni, sai yanzu ya gama haɗiyewa.

Ban gaya wa kowa ba, kuma wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin jihadi ba ne. Na san rumfar nan ita kaɗai ta rage masa. Nan ne kawai mutum ke tsayawa ya kira sunansa. Ranar da aka ji cewa bakaniken da ake zuwa wa don kunne ya kurmance, ranar za a daina tsayawa, ya koma ɗakin hayarsa ya zauna da bango.

Ana cikin haka Malam Mainasara ya kawo nasa babur ɗin. Malamin allurar shanu ne, saurayi ɗan Kiru, mai farar riga da biro uku a aljihu, yana zagaya rugage daga Tudun Wada har Doguwa. Ya ce babur ɗin na yin wani car-car-car in ya buɗe masa wuta, amma in bai murɗa ba lafiya lau. Alasan ya kalli bakinsa, ya yi tambayoyinsa, ya ɗora sanda a kunne, ya rufe ido. Ni ina kallon fuskarsa. Fuskar mai leƙa rijiyar da ta ƙafe ce. Ya buɗe ido ya ce sarƙa ce ta saki, ya ɗaure ta.

Bayan kwana huɗu Mainasara ya dawo, kukan na nan. Wannan karon Alasan ya ɗora laifin a kan salansa, ya ƙara mata ƙusa. Mutumin da bai taɓa caca ba ya koma canki-canki.

Zuwa na uku ranar kasuwa ce, rumfar cike da masu jiran mota. Mainasara bai ɗaga murya ba, yaro ne mai tarbiyya, amma kowa ya ji shi. Ya ce hanyar Doguwa daji ce, in babur ya mutu masa a can da allurai a jaka ba mai ceton sa sai Allah. Ya ce:

"Baba Alasan, ni na kawo maka malaman ofishinmu duka, na ce musu ba kamarka. In yau ba a samu ba zan kai shi Kano, kuma in sun tambaye ni dalili ba zan yi musu ƙarya ba."

Ban san nawa Alasan ya tsinta a cikin maganar ba, amma ya tsinci Kano. Ya sa aka kafe babur a kan ƙafarsa ta ƙarfe, ya kama hannun Mainasara ya ɗora a totur, ya nuna masa ya murɗa har inda kukan ke fitowa, ya riƙe a nan. Duk muka ji shi, car-car-car, har masu tallan rake. Mutum ɗaya ne bai ji ba a wurin.

Ya ɗaga sandar zai kai kunne, sai ya tsaya. Ya dube ta. Sannan ya sa ta a baki ya cije da turamen haƙoransa, ya durƙusa ya dangwala ɗaya kan a jikin inji. Wani ya yi dariya, ya ce yau bakanike ya koma kare da ƙashi. Na ce masa ai gara mai cizon sanda da wanda matarsa ke cizo, kuma kowa a Ƙofa ya san da wa nake. Aka bar Alasan aka koma kansa.

Shi dai bai san ana yi ba. Ya bi kan injin, ya sauko ƙasa, ya girgiza kai. Ya taɓa murfin sarƙa, ya taɓa salansa, ya taɓa tanki. A tanki ya ɗan daɗe, ido rufe, yawu na bin sandar. Sai ya fara matsawa gaba kaɗan-kaɗan kamar mai bin sawun ɓarawo, ya haura wuyan babur, ya dire a kan kwanon fitila. Na ga gashin hannunsa ya miƙe. Ya cire sandar ya ce a kashe.

Ƙusa ɗaya ya kwance. A bayan gilashin, cikin wayoyi, ga wata 'yar laya kamar ɗan yatsa, an ɗinke ta da jar fata, da ɗan zoben ƙarfe a gefe. Da zare aka ɗaure ta, gargadar Doguwa ta cinye zaren, zoben ya koma bugun kwano duk lokacin da inji ya ɗauki kaɗawa.

Mainasara ya yi tsuru-tsuru. Daga baya ya faɗa da bakinsa cewa ranar da ya sayi babur ɗin tsohuwarsa ta ba shi layar ya rataya, ya ƙi, ya ce shi ya yi makaranta. Ba ta yi musu ba. Babur ɗin ya kwana a zaurenta, kuma ƙanenta mai gyaran rediyo ne. A wurin dai, cikin kunya Mainasara ya ce a jefar da layar kawai.

Alasan ya juya layar a tafin hannunsa ya daɗe. Ya yanko tsohuwar robar tayar keke, ya naɗe ta tsaf har zoben ya ɓace, ya ɗaure ta a inda take, ya mayar da gilashi.

"Malam, bar ta," ya ce. "Akwai mai ƙirga kwanakinka in ka tafi daji. Ba kowa ke da shi ba."

Aka tayar da babur, aka murɗa har ƙarshe. Sumul. Alasan bai duba babur ɗin ba, fuskokinmu ya duba, a nan ya karanta cewa kukan ya tafi.

Da la'asar, kasuwa ta watse, ya zo ya tsuguna gaban tandata, abin da bai saba ba.

"Luba, kunnen ya tafi."

"Na sani, bawa. Wata bakwai ina zubar da zagi a ƙasa kamar mai ban ruwa a kan dutse."

Ya kafa wa bakina ido har na gama. Sai ya yi tsaki.

Washegari na ɗauke tandata daga hagu na dasa ta a gabansa sosai, inda zai riƙa ganin bakina. Hayaƙi ya dame shi, ya yi ta ƙorafi, ban matsa ba. Malaman ofis suka ci gaba da zuwa, har da waɗanda babur ɗinsu lafiya lau, don su ga mai ji da haƙori. Asirin ya tonu, amma ba wanda ya tafi Kano.

Ya yi aiki har haƙoran suka fara bin kunnen ɗaya bayan ɗaya, goro ma ya taimaka. Da ya rasu ba a sami mai gado ba sai ni. Sifanun na ba da su. Sandar tana wurina, kanta ɗaya duk ramukan haƙori. Wani lokaci in babur ya tsaya a ƙofar gida yana kaɗawa sai in ji kamar in fita in gwada. To da me zan cije?