Matar da Ta Sauke Goyo a Kan Tafki

Ni ba mai son tuna baya ba ne, don bayan nawa babu wani abin daɗi da yawa a ciki. Aji huɗu na tsaya a firamare. Na yi dako, na yi karen mota, na zo Kuala Lumpur ina kukun wani alhaji, shi ya tattara iyalinsa ya koma gida, ni na maƙale. Yanzu tuwo nake tuƙawa a wani ɗan shago a Danau Kota, ina ciyar da yaran masu hali da malaman da ke karatun dakta a Jalan Semarak. Amma kwanakin baya ɗana Habibu ya tayar min da hankali, har ya mayar da ni ɗakin kakata Dije, inda rabona da shi ya fi shekara arba'in.

Ina da shekara shida uwata ta kai ni wurin Kaka a ƙauyenmu na ƙasar Gumel. Ubana ya rasu, babu abin da ya bari sai mu biyu. Ta ajiye ni, ta tafi Kano aikatau. Na bi motar da gudu ina ihu, ba ta waiwayo ba. Wannan rashin waiwayen na riƙe shi a zuciya har furfura ta fito min.

Da sanyi ya shigo, bayan isha'i Kaka takan hura wutar kara a tsakiyar ɗakinta, mu jikoki mu zagaye, hayaƙi na cin idonmu, tana tura gyaɗa cikin toka. Ni take zaunarwa kusa da ƙafarta. "Matso nan, maigida," in ji ta, "mijin da ko gishiri bai taɓa saya min ba." Yara su yi ta dariya, ni in haɗe rai. Ta san tatsuniyoyi irin na kowa, amma akwai labari ɗaya da ba ta yarda a kira shi tatsuniya. In za ta fara sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Wannan kada wanda ya ce min ta zo mu ji ta. Ba zuwa za ta yi ba, ta riga ta faru."

Kaka ta je Makka a ƙafa tana yarinya, ta zauna can shekaru. Maƙwabciyarta wata tsohuwa ce daga ƙasashen sanyi, irin waɗanda ake ce wa Buharawa, ita ta ba ta labarin garinsu. Wai akwai tafki babba, in ka tsaya a wannan gaɓa ba ka hango waccan, da tsibiri a tsakiya mutane na zaune. In sanyi ya kai sanyi sai ruwan duka ya daskare, ya zama ƙanƙara guda, har a bi ta kai da dawaki da kaya. A lokacin ake kai amare, a lokacin ake sayo hatsi. Mu da ba mu taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce wadda ke faɗowa da ruwan sama ba, sai mu ce, "Kai, Kaka!" Ta ce, "Kai ɗin ubanku. Ku da ko Hadeja ba ku sani ba."

To wata shekara sanyin ya zo rabi da rabi. Ruwa ya yi tauri har kwalekwale ba ya tafiya, amma bai yi kaurin da zai ɗauki doki ba. Mutanen tsibiri suka zauna suna jira har rumbunansu suka ƙare. Da yara suka fara kwana da yunwa, sai dattijon da ke duba musu ƙanƙara ya ɗauki sandarsa mai bakin ƙarfe, ya fita yana dukan ta yana saurarawa. Ya dawo ya ce za ta ɗauki mutum, amma mutum ɗaya ɗaya. Kowa ya yi nesa da kowa, a ɗaura doguwar igiya daga ƙugu zuwa ƙugu. Kada wanda ya riƙe hannun wani. Duk yaron da ƙafarsa ta iya tafiya, a sauke shi.

A nan Kaka takan dakata ta gyara wuta, da gangan, sai mun roƙe ta.

Akwai wata mata mai ɗa guda ɗaya, ɗan shekara huɗu, bai taɓa rabuwa da bayanta ba. Ta kwance zani, ta sauke shi a bakin tafki, ta ɗaura masa igiya, ta ɗaura ɗaya bakin a nata ƙugun. Ta yi gaba. Yaron ya fasa kuka, ya ruga zai kama ta, ta daka masa tsawa ya tsaya. Sai da igiya ta miƙe sannan ta ce ya taho. Suna tafiya ƙanƙara na ƙara a ƙarƙashinsu kamar ana karya kara. A tsakiya ya zame ya faɗi, ya ɗaga hannu yana kiran ta. Ba ta koma ba. Ko juyowa ba ta yi ba, don ta san in ta ga fuskarsa ƙafarta za ta kai ta. Ta ja igiya kawai, ta ce, "Tashi, ɗan banza, tashi!" Kaka in ta zo nan muryarta takan canza, ta yi kaushi, har ƙananan cikinmu su matsa baya. Yaron ya tashi. Haka ta ja shi har gaɓa. Da ƙafarta ta taka ƙasa sai ta naɗo igiyar da sauri, ta rungume shi, shi kuma ya cije ta a hannu don haushi.

Wani dare na tambaye ta, "To wadda ta ƙi sauke nata fa?"

Ta kalle ni ta ce, "Ci gyaɗarka, maigida."

Na ce, "Ni dai wannan matar muguwa ce."

"Haka yaron ma ya ce," in ji Kaka. "Ya daɗe yana faɗa."

Na tsani labarin nan. Kuma abin haushi, ban san dalili ba, duk ranar da direban motar kasuwa ya kawo min ƙulli daga uwata, sabulu ko takalmin roba ko ɗan kilishi, ranar ce Kaka za ta ɗauko shi. Ni kuwa sai in jefa ƙullin bayan randa in ƙi taɓawa sai yunwa ta kore ni.

Da aka haifi Habibu a nan, uwarsa ta rasu yana rarrafe, na rantse ba zan yi masa abin da aka yi min ba. A bayan shago ya girma, kusa da tukunya. Makaranta ni ke kai shi, ni ke ɗauko shi, har ya fara jin kunyar abokansa. In na yi masa Hausa ya amsa da Malay, ban damu ba, tunda ina ganin sa. Sai ga shi ya gama sakandare ya ci gurbin karatu kyauta can arewacin Turai. Na ce ba inda za shi, jami'o'i sun ƙare a nan ne? Ya ce, "Baba, so kake in gaji ludayi?" Maganar ta yi min zafi, don gaskiya ce. Ya tafi. A filin jirgi shi ma bai waiwayo ba. Na ce to, uwa ta yi, ɗa ya yi, ashe ni dai abin bari ne.

Ranar da nake ba ku labari ina tsaka da kwashe tuwon rana sai ga saƙonsa. Hoton wani fili fari fat, babu iyaka. Ya ce tafkin garinsu ne ya daskare, yau za su taka shi da ƙafa zuwa wani tsibiri, shi da abokai. Ludayi ya faɗi daga hannuna. Na kira, bai ɗauka ba. Na danna na yi masa magana, ko sallama babu: "Habibu, kada ku taru wuri ɗaya! Ku ware! Ku nemi igiya! Kada ka riƙe hannun kowa!" Saƙon ya tafi, ba a buɗe ba. Na sake kira, waya a kashe.

Ban san yadda na yi yinin nan ba. Miyar kuka ta kama, na zuba wa wani yaro gishiri sau biyu. Malam Nura, wani mai karatun dakta da ke cin abinci wurina kullum, ya lura. Ya ce, "Baba Sale, lafiya? Yau tuwon da gudaji."

Na ce, "Ka ci ko ka bari." Sannan na miƙa masa wayar.

Ya duba ya ce, "Ka kwantar da hankali. Sanyin can yana kashe batir, waya na cike sai ta mutu. Kuma ba sa barin mutane su hau sai an gwada."

"Ka taɓa zuwa?"

"A'a."

"To ci tuwonka."

Bai yi fushi ba, Allah ya saka masa. Da na rufe shago ya ja ni wurin mamak na kusa, shagon shayin Indiyawan nan, ya saya min shayi, ya zauna tare da ni. Shayin ya huce ban kurɓa ba. Ga zafin Kuala Lumpur ina gumi, amma ni a raina ƙarar karyewar kara kawai nake ji. Ina ta ganin yaro ya faɗi ya ɗaga hannu, ni kuma ina wata duniya, ko igiya babu a ƙuguna.

Ana shirin kiran isha'i wayar ta yi ƙara. Ga fuskarsa, hanci ja wur, hula har gira, yana dariya.

"Baba, relax lah! Wayar ce ta mutu. Mun je mun dawo."

Na buɗe baki in zage shi, sai na ɓuge da kallon fuskarsa kawai. Malam Nura ya kau da kai yana wasa da cokali.

"Amma Baba, wa ya gaya maka zancen igiya? Mutumin da ya kai mu haka ya yi. Sanda ce da shi mai ƙarfe a baki, yana gaba yana duka. Ya ce kowa ya ba kowa tazara, ga igiya a jakar kowa. Matar da nake haya a gidanta ma ta ce zamanin kakanninta ta kan tafkin ake kai amarya, shekarar da bai daskare ba mutanen tsibiri ganye suka ci. A ina ka sani?"

Na ce, "Kakata ce ta faɗa min."

"A Gumel?"

"A Gumel ɗin ubanka."

Ya yi ta dariya har hoton na rawa. Ni ma na yi, rabona da irin ta na manta.

Na taka zuwa gida a hankali, jikina sakayau kamar an sauke min buhu. Yaro na da rai, wannan shi ne babba. Amma akwai na biyu, wanda ya same ni a kan matakala har na zauna. Sai a ranar na haɗa ƙullin direba da labarin Kaka. Tsohuwar nan ba ta taɓa ce min uwarka na son ka ba, ta san zan tofar. Sai ta riƙa ba ni labarin tafki duk ranar da aka ja igiya. Halin da ubana ya bar mu a ciki ba zai ɗauki mutum biyu ba, shi ke nan maganar. Uwata ta rasu tun kafin in zo ƙasar nan, ban tambaye ta dalilin rashin waiwayen ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ban ce na daina jin zafin ba, shekara arba'in ba ta narkewa a dare ɗaya. Amma na daina kiran ta da sunan da na kira matar cikin labari.

Washegari na kira Habibu na ce, "Ka zauna ka gama karatunka, ban ce ka dawo ba. Amma duk Juma'a ka kira ni. Ko ina fushi, ko ban ɗauka ba, ka kira."

Ya ce, "Boleh, Baba." Da Malay, wato ya yarda.

Juma'ar da ta wuce ina tsaka da tuƙi ya kira. Na bar wayar ta yi ƙara har ta katse, ina jin ta a aljihu kamar ana ja na a ƙugu. Sannan na goge hannu na kira shi.