Jan Layin da Rana Ta Cinye a Kaikai

Na yi gine-gine da yawa tsakanin Kankia da Kusada, mafi yawansu ma na manta masu su, amma ranar gayyar Kaikai ba ta fita daga raina ba, kuma ba na jin za ta fita.

Ni magini ne. Wani malamin Islamiyya, dattijo mai haƙuri, ya kira ni in fitar masa da ajujuwa, domin ɗalibansa a ƙarƙashin bedi suke karatu, da damina ta zo kuma sai karatu ya watse. An riga an haƙa ramin fandisho, an tara yashi da tsakuwa da siminti. Mutanen gari sun yi alkawarin gayyar zuba kankare rana guda. Kowa ya san ruwan shuka na sauka, ba mai sake ganin ƙeyarsu sai kaka. Matsalar ita ce filin gangare ne, dole a kafa turaku a daidaita lebur kafin a zuba komai.

Ana gobe gayya, wani tsohon ɗalibin Malam mai sayar da kayan gini a Kano ya iso da na'urorin leza guda biyu, masu daidaita lebur da haske, ya ce a zaɓi ɗaya, gudummawarsa ke nan. Aka shiga zauren Malam, inda ake yanke kowace shawara, wuri mai sanyi da duhu. Ya kunna ta farko, sai ga jan layi ya zagaye bango, miƙaƙƙe sambal. Dattawa suka yi ta kabbara. Ta biyun kuwa kanta juyawa kawai yake, sai an ɗora wani ɗan akwati a jikin sandar awo, ya yi ƙara idan an kai daidai. Na ce ta biyun ce ta aikin fili, mai jan layin ta cikin ɗaki ce, ta masu tayil.

Shugaban kwamitin makaranta ya dube ni ya ce, "Kai magini, wagga da ba a ganin komi, mi za mu yi da ita? Mu abin da ido ya gani muka yarda da shi."

Na maimaita sau ɗaya, na ga fuskoki sun fara sauyawa, na ja bakina. Wanda ya taso a wurinmu ya san iya inda ƙarami ke tsayawa a gaban manya. Ɗan kasuwar ya ɗauki wadda aka ƙi, ya kama hanyar Kano.

Da safe kafin a gama gaishe-gaishe da koko, rana ta take. Na kafa na'ura, na kunna, babu layi. Yana nan, amma hasken rana ya shanye shi. Aka kawo tabarmi aka yi inuwa, ya ɗan bayyana kamar zaren da ya koɗe, taku kaɗan ya sake ɓacewa. Har zannuwa aka aro daga cikin gida. Ka ga magidanta da gemu suna rarrafe a rami suna neman layi. Yau abin dariya yake ba ni, a ranar kuwa kuka ne kawai ban yi ba.

Na tura mai babur Kankia ya ɗauko tsohon tiyona na ruwa da nake awon lebur da shi. Kafin ya dawo, a cika shi, a fitar da iska, mu fara bin turaku ɗaya bayan ɗaya, la'asar ta wuce. Mutane sun ci tuwon gayya ba su ɗaga kwano ɗaya na kankare ba, suna ta kallon gabas inda hadari ke haɗuwa. Wasu suka ce a zuba haka nan da ido. Na ƙi, don ba zan ɗora bango a kan karkataccen tushe yara su zauna ƙarƙashinsa ba. Dab da magariba layin ya fito jawur, lokacin filin ya kusa zama wayam. Na zauna a kan bulo, gajiya da takaici sun haɗu.

Washegari ruwa ya sauka, ramukan suka cika, kowa ya nufi gona.

Sai bayan kaka muka yi ginin, ya kuma miƙe yadda ake so. Ranar da na miƙa makulli, Malam ya zagaya ajujuwan a hankali, sannan ya faɗa mini cewa manyan ɗalibansa da suka kusa sauka sun watse a daminar, kaɗan ne suka dawo. Bai zargi kowa ba, ya dai ce, "Su ne na so su zauna ciki."

Tun daga ranar, duk kayan aikin da za a zaɓa, sai an fito da shi inda zai yi aiki an gwada. Idan manya suka ƙi, nakan durƙusa in roƙe su mu fita waje, in sake roƙo, domin kunyar da na ji ta minti kaɗan ce, yaran nan kuwa karatunsu ne ya tafi.