Alƙiblar Mutanen Wata

Jiya na ji rediyo na labarin kumbo, sai Kaka ya faɗo mini a rai. Yau shekara guda da rasuwarsa.

Duk garin da aka ambata, tambayarsa ɗaya ce: "Ina alƙiblarsu?" Ko Bagadaza za ka je, sai ya tambaya.

Wata la'asar na tarar da shi a zaurenmu na Pantami, ƙamshin turarensa ya cika ko'ina, bakinsa jawur da goro. Na ce, "Tsoho, malaminmu ya ce jikokinmu a wata za su zauna. Ni ma can zan koma, ba ladan, ba tashin asuba!"

Na zaci carbi zai sauka a ƙeyata. Amma ko taɓa ni bai yi ba. Ashe tsoronsa kada zuriyarsa ta tashi ba sallah.

Can ya ce, "Ja'iri, ba ka tsira ba. In kun je, ku ɗaga kai ku nemo duniya, ku fuskance ta dukanta. Ka'aba na ciki."

Allah Ya haskaka kabarinka, Kaka, Ya ba ka jikokin da za su riƙa ɗaga kai.