Shamuwa Ta Dawo, Yaya Sada Ba Ka Nan

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 14 ga Afrilu, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran yayana, Malam Sada, tsohon ma'aikacin gandun daji, a gidansa da ke Ƙofar Marusa, bayan jinyar ciwon ƙirji.

Yaya, tun muna yara kake hana mu jifar shamuwa. Kana cewa ita ce mai bushara da damina, kuma ba a korar baƙon alheri. Da ka ga suna raguwa shekara bayan shekara, kai ka tsare tsamiyoyin bakin kududdufin unguwarmu daga masu gatari, har ana yi maka tsiya da sunan Sarkin Tsuntsaye. Dariya kawai kake yi.

Bara tankar baƙin mai ta kife, man ya malale cikin kududdufin. Na gan ka tsamo-tsamo har ƙugu, kana tsamo shamuwa ɗaya bayan ɗaya. Ka mai da tsakar gidanka asibiti, matarka Hadiza na ɗumama ruwa, kana wanke fukafukansu da sabulun salo. Da yawa sun mutu a hannunka. Tarin da ka kwaso a ruwan nan bai sake ka ba.

Da mai tankar ya zo ban haƙuri da ragonsa, dattawa suka ce tsautsayi ne, sun yafe. Kai kaɗai ka miƙe ka ce, "Ku yafe naku. Haƙƙin tsuntsu ba namu ba ne, balle mu yafe." Ka ƙi karɓar komai sai alkawarin zai yashe kududdufin kafin shamuwa ta dawo. Ya ba ka hannu a gaban jama'a.

To, Yaya, mai tankar ya zo gaisuwa ranar uku. Na aika a tuna masa alkawarin, sai dattawa suka ce haba Binta, ba a tada tsohuwar magana a zaman makoki. Ya shafa fatiha ya tafi. Wa zan kai wa kuka? Wallahi na rasa inda zan sa raina. Ruwan yana nan baƙi ƙirin, yana ƙyalli.

Jiya da hantsi shamuwa ta farko ta iso, tana shawagi za ta sauka. Ni da ka rena a kan ba a korar shamuwa, na fita ba takalmi ina kaɗa mayafi, ina ihu, ina jifa, har ta tafi. Ka yafe mini. Sauran suna hanya, ni kuwa hannuna biyu ne.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Hadiza da yara, Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Ya Allah, kafin ruwan farko ya faɗo, Ka ba wani zuciyar da zai miƙe inda Yaya ya miƙe.