Baba Lawali, wanda ya gina mana bangon murhu

Baba Lawali ya rasu. Da safiyar nan aka bugo mini, ina bakin ƙofa zan fita aiki. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Har yanzu ban fita ba.

Ga wanda bai san shi ba, dattijon nan ne ɗan Maraɗi mai tuƙa tasi, mazaunin Hyattsville a nan ƙasar Turawa. A gida magini ne. A ƙasar nan ba wanda ya taɓa tambayarsa sana'arsa.

Bara muka tare a wani tsohon gida wajen Germantown, mai murhun itace a ɗakin ƙasa. Da ya zo ganin gida, sai ya tsaya yana kallon inda bututun hayaƙi ya ratsa bangon katako. Ya danna wurin da yatsa, katakon ya marmashe, baƙi ƙirin.

Ya ce, "Ƙanena, ɗakin wa ke saman nan?"

Na ce na 'ya'yana mata ne.

Ya ce, "Kada a ƙara hura wutar nan sai na dawo."

Ranar Asabar sai ga shi da jan bulo da siminti a bayan tasi. Asabar uku muka yi muna aikin. Ya yanke duk katakon da ke kusa da bututun, ya zagaye shi da bulo mai kauri ta kowane gefe, ya toshe duk wata kafa. Ni ke kwaɓi, shi ke ɗorawa. Layi biyun da na ɗora da kaina ya rushe su yana dariya, ya sa na sake. Bai karɓi ko sisi ba, shayi kawai ya yarda ya sha.

Mako biyu da suka wuce muka haɗu a shagon kayan abincin gida a Landover. Ya rame sosai. Ya ce, "Bana dai zan je gida, in rufa wa Hajiya ɗakinta kafin damina." Matarsa ke nan da ya bari a can, shekara goma sha shida rabonsa da Maraɗi.

Na ce zan leƙo shi Lahadi. Ban je ba. Na ce sai wani makon.

A cikin motarsa aka same shi, bai ko tada ta ba. An ce zuciya ce.

Ni aka ɗora wa in kira Hajiya. Lambar na gabana tun ɗazu, na kasa dannawa. A nan za a binne shi, kuma 'yar da ya bari a goye ba za ta ga ko kabarinsa ba. Wallahi ban san me muke yi a ƙasar nan ba.

Allah Ka jiƙan Baba Lawali, Ka yafe masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba iyalinsa haƙurin wannan rashi. Don Allah, duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Ku haɗa da Hajiya, ita ba ta ji ba tukuna.