Haƙoran Kyanwar Malam

Ina tsintar shinkafa a tsakar gida ƙanena ya shigo da kwali a hannu. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Yaya, ta farka. Haƙora uku aka cire mata. Yanzu ita da Gwaggo sai su riƙa cin tuwo kwano ɗaya."

Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu da ta zo taya ni zama, ta yi masa daƙuwa daga bakin ɗaki.

Kyanwar ta maigidana ce, Malam, Allah ya jiƙansa. Bai yi arba'in da rasuwa ba ta fara dalalar da miyau, bakinta na wari, ta rame. Ina cikin takaba, ba na fita, shi ya sa ƙanena ya ɗauke ta a babur daga Ƙofar Kwaya zuwa asibitin dabbobi. A makon ne soja suke miƙa mulki, kowa kunnensa na kan rediyo. Ni hankalina na kan kwalin nan.

Ban taɓa sanin ana yi wa kyanwa allurar barci ba. Na yi ta tambayarsa inda aka soka mata, da irin abin da aka cire haƙoran da shi. Da ta yi hamma na leƙa, na ga zare siriri a dasashinta. Wato ita ma an ɗinke ta kamar mutum.

Likita ya ce a ba ta abu mai laushi, kuma idan ta kwana uku ba ta ci ba, akwai haɗari. Na zuba nono a tasa, ta sunsuna ta juya. Na marmasa kifi, ko kallo bai ishe ta ba.

A rana ta uku Gwaggo ta ce, "Wai ke, shi Malam a tasa yake ba ta?"

Sai a lokacin na tuna. Bai taɓa ba. Bayan azahar yakan zauna a ƙarƙashin bishiyar bedi yana cin abincinsa, ya gutsura mata a gefen tabarma. Tun rasuwarsa ba wanda ya zauna a wurin. Ni ma a tsaye nake yin loma biyu in rufe kwano.

Na ɗauko tabarmar tasa da na naɗe na ajiye bayan ƙofa. Na shimfiɗa, na zauna da tuwon shinkafa, na fara ci. Can sai ga ta, tana tafiya a hankali. Na jiƙa ɗan gutsure a miya na ajiye mata. Ta karkatar da kai, ta tauna da ɓangaren da ba a taɓa ba. Ina tsayawa ita ma ta tsaya, dole na cinye kwanon.

Haka muka riƙa yi kullum, har zaren ya ɓace da kansa.

Daga baya likita ya aiko cewa akwai sauran haƙori ɗaya da ya kamata a cire idan ta yi ƙarfi. Har na fita takaba ba mu mayar da ita ba.